Wa Ya Kashe Baba Sule?

Duk wanda ya taɓa shigowa gidanmu a Zango ya san gaisuwar kakana, Baba Sule kafinta. Babu wani sannu da zuwa. Ta saman tabarau zai leƙo ka ya ce, "Kai ne ka kashe ni?"

Laifin masu shirin 'yan sandan nan na talabijin ne, da suka zo ɗauka a layinmu. Suna neman tsohon da zai fito a gawa, Baba ya rufe shagonsa na unguwar Anloga ya ce ga shi. Aikin kwanciya ne kawai fa! Amma da darakta ya ce ya yi rub da ciki, sai ya ce, "Ɗana, ni Musulmi ne. Alƙibla zan fuskanta, kai ka juya kyamararka." Aka kwashe fitilu kaf aka sake jerawa. Ana tsakiyar ɗauka, ɗan sanda na zare ido, sai gawa ta miƙe tana neman buta. An kira la'asar.

Shirin ya karɓu, har a cikin motocin haya na tirotiro musunsa ake yi. Ƙanwarsa Inna Mairo ta ga gawarsa a talabijin, ta taso tun daga Tamale tana rusa kuka, ta tarar da mamaci yana cin wake da shinkafa. Ya ce, "Ci gaba, Mairo, kukan bai kai ba."

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat, an ƙi faɗa masa wanda ya kashe shi. Ya ƙera wa darakta kujera kyauta. Darakta ya zauna a kai ya ce, "Baba, sai kashin ƙarshe." Daga nan ya zargi kowa, har ni da ban fito a shirin ba. Mutum ɗaya ya wanke, wata mai sayar da koko a cikin labarin. "Wannan baiwar Allah? Ei! Ku dubi yadda take cika kofi. In ita ce, ku aske mini gemu."

Ya rasu kafin a nuna kashin ƙarshe. Muka taru a tsakar gida muka kalla. Wallahi mai kokon ce! Gida ya kaure da ihu, na zabura da gudu in ce masa ya kawo gemun. Sai da na kama labulen ɗakinsa na tuna.

Allah ya jiƙanka, Baba. Ya yalwata maka makwanci, ya sa ka huta.