Garba Tela da gaisuwar rediyo

Bana shekara talatin ke nan da muka kai Garba Tela makwancinsa, kuma cikin waɗanda suka ɗauki makarar ni kaɗai na rage. Abokina ne tun muna samari, shi yana ɗinki a Funtuwa, ni ina awon auduga.

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, shagonsa na cikin wani lungu a bayan tasha, inda ko akuya sai ta yi ɓatan kai take shiga. Hannunsa na da kyau, amma wa ya sani? Manoma su sayar da auduga, su zarce wurin telolin bakin titi. Har ya fara zancen sayar da keken ɗinkin ya koma ƙwadago a gonakin mutane.

Sai ya lura da abin da duk muke gani ba mu kula ba. Ƙauyukanmu da yawa rediyo ɗaya gare su, a wurin mai shayi ko ƙofar gidan mai gari, kuma in ana shirin gaishe-gaishe ko tari ba a yi. Garba ya shiga aika katin gaisuwa gidan rediyo. Bai gaida dangi ba, bai gaida budurwa ba, masu kawo masa ɗinki ya riƙa gaidawa. Sai ka ji an ce Garba Tela na bayan tashar Funtuwa yana gaida Malam Audu na garin Ƙarfi, yana kuma shaida masa rigarsa ta kammala.

Malam Audu, manomin da ko mai gari bai cika tuna sunansa ba, ya wayi gari ana yi masa barka. Kafin kaka ta zagayo, mutanen Malumfashi da Dandume na ta tambayar lungun. A gabana wani dattijo ya ajiye yadi ya ce, "Malam Garba, rigar ko ta yi wata biyu ba komai, amma don Allah a faɗe ni a akwatin nan." Na sha yi masa tsiya cewa sunaye yake ɗinkawa ba riguna ba. Shi dai dariya yake yi, ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Yau jikokina na ɗaukar hoton hajarsu da waya, kowa na yabon tasa. Na san da Garba na nan da ya rungumi wayar nan hannu bibbiyu, don ba shi da ƙyamar sabon abu. Amma da ya tambaye su, duk wannan surutu, wa kuka gaisar?

Shagon yanzu cajin waya ake yi a ciki, kuma yaron da ke wurin bai taɓa jin sunansa ba. Rigunan sun tsufa sun yage, masu su sun bi shi. Na yi kewarsa, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa ya gane.

Makon jiya na sa jikata ta buga mini waya shirin gaishe-gaishe, na ce ina gaida Garba Tela na bayan tasha. Mai gabatarwa, yaro ne da jin muryarsa, ya ce, "Garba Tela, in kana saurare, ga abokinka na gaishe ka." Ban gyara masa ba. Na zauna har aka rufe shirin ko wani zai bugo ya ce ya san shi. Babu wanda ya bugo.

Allah ya jiƙanka, Garba, ya sa ka huta.