Tukunyar Usaini a Bayan Ruma

Ɗan ƙanena Usaini ya taɓa yin rigima da matarsa Bushira a kan tuwo, kuma a gaban idona ya sha kaye. Cewa ya yi tuwonta ya yi ruwa. Sai ta miƙa masa muciya, ta dawo kusa da ni ta zauna. Abin da ya sauke a ranar, gudajin ciki har ƙara yake a haƙori. Bushira ta gutsira ta tauna, ta ce, "Gwaggo, kar a zubar, katangarmu ta baya tana son yaɓe." Haushi ya sa ya dinga zagayowa gidana a ɓoye ina koya masa, ƙaton gardi da gemu yana tankaɗe. Na sha dariya, amma fa ya iya.

Haƙar rijiyar burtsatse ce sana'arsa, shi ke ɗaura bututu. Shekara goma sha huɗu yana bin motar haƙa, daga Yasore har Babban Duhu, da 'yar tukunyarsa da garin dawa da kuka da daddawa a buhu. Da wannan aiki yake riƙe da mutum tara, har da ni uwar surutu.

Bara aka tura su wani ƙauye a bayan Ruma, inda in ka ɗaga kai daji kake gani. Su bakwai ne, shugabansu Injiniya Faisal, yaro ɗan gayu mai fararen takalma. Kamfani ya ce kar kowa ya wahala, kullum da azahar Abdulmumini mai babur zai kawo masu shinkafa daga Batsari cikin jar kula, kowa da robarsa mai murfi. Faisal kuma ya kafa doka: ba hura wuta, don kar mutanen daji su hango hayaƙi.

Usaini ya bi doka kwana biyu. Rana ta uku ya jera duwatsu uku a gindin wata bishiyar bedi.

"Baba Usaini, me na ce a kan wuta?"

"Injiniya, wane gida ne ba ya hayaƙi a garin nan? Ni shinkafar ce ba ta kwanta min ba."

"Cikinka ne bai waye ba. Na sake ganin hayaƙi, ka haɗa buhunka."

Usaini bai fasa ba, kullum sai ya faki idon Faisal ya ɗora tukunyarsa.

Ranar Laraba azahar ta wuce, babu Abdulmumini. La'asar ta yi, shiru. Aka kashe injin, kowa kunnensa na kan hanya. Yunwa ta ci Usaini ya hura wuta, Faisal ya taso zai yi masa ta ƙarshe, sai ga Abdulmumini yana turo babur da hannu, rigarsa sharkaf da gumi. Ya zube a ƙasa, sai da ya sha ruwa ya iya magana.

Ya ce mutum uku da bindigogi suka tare shi a mashigin rafi. Ba su taɓa shi ba. Kular suka buɗe, suka jera robobin a ƙasa, ɗayansu ya bi su da bakin bindiga yana cewa ɗaya, biyu, har bakwai. Ya buɗe wadda ke da kaza, ya ce, "Wannan ta babbansu ce ke nan." Suka cinye biyu, suka ce ya gaida Injiniya.

Babu wanda ya iya taɓa sauran biyar ɗin. Saura kwana biyu a cim ma ruwa, kuma ba a fitar da motar haƙa da yamma ta wannan hanyar. Faisal, da tsoro ya rasa inda zai sauke shi, ya juya kan Usaini.

"Hayaƙinka ne ya jawo mana. Na faɗa maka. Kashe wutar nan, gobe ka bi Abdulmumini, aikinka ya ƙare."

Usaini bai daina tuƙin tuwonsa ba. Ya kwashe malmala ta farko ya tura gaban Abdulmumini, sannan ya ɗago.

"Injiniya, kwana shida ina girki a nan. Tukunyata ba ta taɓa gaya wa kowa mu nawa ne ba, balle wa ke cin kaza."