Tsinke da Kakin Zuma

Har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da shekarar da hannuna na dama ya mutu, ya kuma tashi ba.

Hawan jini ne ya kayar da ni. Da na farfaɗo, hannun da ya yi daka, ya yi kitso, ya wanke jarirai, ko ludayi ba ya riƙewa. Na zama abar tausayi a gidanmu na Madachi: a kawo, a ɗauke, a ce sannu. Har na daina gwada shi.

Ana nan, ana nan, wata hantsi sai ga jikana, tela ne a Rano, da ƙunshin riguna da gam da wasu duwatsu masu walƙiya, ƙanana kamar ƙwayar dawa. Wai 'yan matan makaranta za su yi rawa ranar ba da hutu, kowace riga sai an manna mata ado a wuya.

"Amarya, tashi," ya ce, "aiki ya fi ƙarfina."

Na ce, "Ango, da wane hannun?"

"Da wanda kike ja mini kunne da shi."

Ya karyo tsinken tsintsiya, ya laƙa masa kakin zuma a baki. A ɗiga gam kaɗan, a jira ya yi danƙo, a taɓa dutse da tsinken, a ɗora, a danna. Har ya nuna mini a waya wasu mata masu zamiya a kan ƙanƙara, suna juyi kamar guguwa, adon rigarsu bai zube ba.

Ranar farko hannu ya yi rawa, farantin duwatsun ya kife, kaji suka yo caa, sun ɗauka tsaki ne. Na fashe da kuka. Yana tsincewa yana cewa, "Kin ga ko kaji sun yaba." Ya bar mini riga ɗaya ya tafi.

Kunyar ya dawo ya tarar ban yi ba ita ta hana ni ajiyewa. Yau dutse ya kuɓuce, gobe ya zauna. Layina ya fito a karkace kamar burtali. Da ya dawo na ce ya cire, ya ƙi.

Ranar rawar ya ɗauke ni a babur. Aka saki kiɗa, 'yan mata suka juya, rana ta bugi duwatsu. Can na hango karkataccen layina a wuyan wata siririya, ba dutsen da ya faɗi. Na ce, "Waccan tawa ce!" Sai na ga jikana ba rawar yake kallo ba. Hannuna yake kallo, na dama, a miƙe sama da kaina.

Daga baya uwarsa ta faɗa mini da ya so, kafin la'asar zai gama rigar nan da kansa. Allah ya yi masa albarka. Mai ba ka abinci ya taimake ka, amma wanda ya ce yana bukatarka shi ya tashe ka.