Kawu Iliya da bindigar Alhaji

Duk wanda ya san Kawu Iliya ya san rediyon nan tasa mai ɗaurin roba. Da ya ji an ce wata babbar ƙasa ta ƙulla abota da ƙarama, za ta ba ta makamai, sai ya rage murya ya tambaye mu: "To, harsashin fa, a hannun wa?"

Mu dai dariya muke, har ranar da abin ya zo garkarsa.

Kun san garkar, 'yar tsit ce, amma bakinta na cikin tabki, kuma ita ke ciyar da shi da matarsa Inna Hajo. Ta Alhaji Sani na bayanta, ƙatuwa, ba hanyar ruwa. Shekarar da birai suka addabi tumatirin Kawu, sai ga Alhaji da bindigar toka.

"Malam Iliya, riƙe wannan don zumunci. Ni dai injin ban ruwana zai zauna bakin garkarka."

"Albarushin fa, Alhaji?"

"Yana wajena, in ka buƙata ka aiko."

Kawu ya juyo ya dube ni. "Ka ji ko? Na zama ƙaramar ƙasa."

Ya karɓa fa. Kullum yana zagaye da ita a kafaɗa, wayam. Ba a yi mako ba birai suka gane, har wani ya zauna gabansa yana cin tumatir. Na ce Kawu, aika mana a kawo albarushin. Ya ce, "Biri tumatir yake ci. Alhaji garka zai ci."

Sharaɗin Kawu ɗaya: inji ya zo da safe, ya koma gida da la'asar. Shekara da shekaru ana ɗora shi a amalanke ana saukewa. Da Alhaji ya gaji ya kawo siminti don a yi wa injin mazauni, Kawu ya tare hanya.

"Haba Malam, buhu biyu ne kawai."

"Alhaji, ka taɓa ganin siminti ya koma gida?"

Wallahi ni ma na ɗauka taurin kai ne. Sai da ciwo ya kwantar da shi ya kira ni. "Goge bindigar nan ka mayar wa Alhaji yau, gaban mai gari. Kada in tafi a ce da sauran magana tsakaninmu, a taɓa garkar Hajo."

Na kai. Alhaji ya riƙe ta yana hawaye, ya ce a ci gaba da kai injin gida da la'asar. Garkar na hannun Inna har yau, ni kuwa kewar tsohon nan nake.

Allah ya jiƙan Kawu, ya ba shi garkar da ba mai neman bakinta.