Jan Fenti a Jikin Ɗorawar Inna

Da aka raba gadon kakana, gonar bakin fadama ta faɗa hannun Kawu, ƙanen mahaifiyata, ita kuma Inna aka ba ta ɗorawar da ke tsaye a tsakiyar gonar. A ƙauyenmu, can gefen Gozaki, wannan ba abin mamaki ba ne. Ƙasa ta wani, itace na wani. Mai gona ya yi nomansa har gindin bishiya, amma ba ya miƙa hannu ga 'ya'yanta sai da izinin mai ita. Inna ce ma ta nemi hakan da bakinta. Ta ce ba ta da ƙarfin huɗa, 'ya'yanta kuma duk mata ne, a bar mata ɗorawa, Auta ya haɗa ƙasar. Auta take ce wa Kawu har gobe, da furfurarsa da komai, don ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu.

Da wannan itacen ta riƙe mu bayan mahaifinmu ya rasu. Garin ɗorawa mu dama mu sha, kalwa ta dafa ta yi daddawa, ɓawon kuma a jiƙa a yi makubar daɓe. Ina makarantar kwana 'yan ɗakinmu suka sa mini suna 'yar mai daddawa, wai ko na yi wanka akwatina yana tona mini asiri. Na yi kuka a lokacin. Yanzu da zan sami wannan warin a zanena da na gode Allah.

Kowa ya san ɗorawa tana hutu. Ta cika bana, baɗi ta yi rowa. Ta Inna ba ta san wannan doka ba. Ko shekarar da ruwa ya ɗauke dawa na cikin bunƙasa, sauran itatuwa suka yi tsaye kamar an aiko musu da saƙon mutuwa, ita da rani ya yi sai ga ta da jajayen furanni suna reto kamar tuntun hula. Mutane suka ce albarkar marayu ce. Inna ba ta taɓa musu ba.

Labarin ya kai kunnen malamin gona na yankinmu, shi kuma ya kai wa wasu masu bincike na jami'a. Na zo hutu daga Malumfashi, inda nake koyarwa, ran da suka iso. Shugabarsu mace ce, doguwa, Hausarta ta Zazzau, abokan aikinta suna ce mata Dakta. Kawu yana Funtuwa wajen cinikin masara, don haka mu suka tarar a gindin itacen muna zubo da 'ya'ya da ƙugiya.

Dakta ta durƙusa ta gaida Inna, sannan ta yi bayani, kuma ban taɓa jin an sauƙaƙa abu mai wuya haka ba. Ta ce a cikin kowane ganye akwai ƙwayoyin gado, wato umarnin da bishiya ta gada na yadda za ta yi saiwa, ta yi fure, ta jure ƙishi. Ta ce duk ɗorawa kusan umarni ɗaya gare su, kamar gidaje masu ɗakuna iri ɗaya. Bambancin shi ne wane ɗaki ake buɗewa, kuma yaushe.

"Taki, Mama, muna zaton tana buɗe wani ɗaki lokacin zafi, wanda sauran ke barinsa a kulle. Shi muke son mu gano."

Inna ta ce, "To in kun gano fa?"

"Sai mu dawo mu yanki 'yan rassa mu yi musu aure da ƙananan ɗorawa, yadda ake yi wa mangwaro. Kowace mace a ƙasar nan ta sami irin taki."

Inna ta yi dariya ta ce ashe kasuwa suka zo kashe mata. Amma na ga daɗin da ta ji.

Suka tsinki ganye, suna jefawa cikin wani tulun ƙarfe mai fitar da farin hayaƙi mai sanyi. Dakta ta ce in ganye ya yi jinkiri a hannu, ɗakunan nan rufewa suke yi, dole a daskarar da shi nan take. Za su dawo da damina, su sake dawowa lokacin fure, don su kwatanta. Da za su tafi, ɗaya daga cikin mazan ya buɗe gwangwani ya zagaye gangar jikin itacen da jan fenti, ya rubuta lamba, don kada su ɓata ta da wata in sun dawo. Ban da wannan fentin, duk abin da suka yi a ranar daidai ne.

Mutumin da ke zaune a jami'a, jan fenti a wurinsa alama ce kawai. A wurinmu sammaci ne. Kawu yana da rumfa a bakin titi a Funtuwa wadda aka taɓa shafa wa irinsa, wata bai zagayo ba aka zo aka baje ta. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Wannan na yarda da shi, kuma iyakar uzurin da zan yi masa ke nan.

Da ya dawo ya ga fentin, ya shigo gidanmu ko sallama bai gama ba.

"Yaya, wa ya ba ki izinin kawo gwamnati gonata?"

"Auta, zauna mana ka sha ruwa. Ba gwamnati ba ce, masu karatu ne. Ganye suka ɗiba."

"Ganye! Ganye ake sa wa lamba? Yau lamba, gobe waya mai ƙaya, jibi a ce gandun bincike ne kada akuya ta shiga. Ke mece ce taki a ciki? Itace ɗaya. Ni ƙasata ce za ta tafi."

Na sa baki na ce, "Kawu, ina wurin. Alama ce don su gane ta."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke da bokonki, an taɓa rushe miki wani abu?"

A majalisar ƙofar masallaci aka ƙara wa miyar gishiri. Wani ya ce a wajen Danja an yi haka aka ƙwace fili, ko da yake da aka tambaye shi filin wa, sai ya ce shi ma ji ya yi. Wani ya ce ma'adini suka hango a ƙarƙashin saiwar. Maza masu gemu, waɗanda duk miyar gidajensu da daddawar Inna ake kaɗa ta, babu ɗaya da ya ce a kira malamin gona a tambaye shi. Ga shi kuwa babur ɗinsa yana wucewa ta gabansu duk ranar kasuwa.

Masu binciken sun dawo da damina, Kawu ya ƙi fitowa. Bayan nan hanya ta lalace da 'yan bindiga, jami'arsu ta hana su shigowa ƙauyuka. Shirun nan shi ya ƙara tabbatar wa Kawu cewa ana can ana shirya takardun ƙwace.

Sai na haihu. Inna ta taho Malumfashi ta zauna mini jego. Tana can tana dafa mini ruwan wanka da kunun kanwa, Kawu ya kira masu gawayi da injin yankan itace. A yini ɗaya suka kwantar da abin da kakana ya tarar a tsaye. Don kada ta sake toho, aka tara karan dawa a kan kututturen aka cinna wuta. Tana cikin fure a lokacin. Matar maƙwabcinmu ta ce mini kwana da kwanaki jemagu suna zuwa suna kewaya wurin.

Babu wanda ya aiko mana. Inna ta koma gida, ta ɗauki ƙugiyarta ta nufi gona, daga bakin fadama ta hango sarari.

Na so ta kai ƙara wurin mai unguwa. Haƙƙinta ne, kowa shaida ne, ko alƙali aka je ita ke da gaskiya. Na yi ta faɗa a waya har jaririyata ta farka. Inna ta bar ni na gama, ta ce, "Ni in tsaya gaban mutane da yaron da na goya? In an ba ni gaskiya, a ina zan dasa ta?" Ran sallah ma ta aika masa da tuwo. Na ji haushin Kawu, na ji na masu fenti, na ji na 'yan majalisa, amma haushin wannan tuwon ya fi ci mini rai, kuma har yau bai sake ni ba.

Ta gwada sayen kalwa a kasuwa ta ci gaba da sana'a. Ba ta daɗe ba ta bari. Ta ce hannunta bai san wannan kalwar ba. Tukwanen suna nan a kife bayan ɗaki, kaji na kwana a kai.

Da hanya ta ɗan yi sauƙi, sai ga Dakta da mutanenta, fuska cike da fara'a. Malamin gona ya sanar da ni, na zo. Ba wanda ya iya gaya musu a waya. Ta ce zatonsu ya tabbata. Sun ga wasu ƙwayoyin gado da ke farkawa a ganyen ɗorawar Inna in zafi ya tsananta, a sauran itatuwan da suka gwada kuwa barci suke yi. Ƙananan ɗorawan da za a yi wa aure suna can a lambun jami'a sun kai. Almakashin yankan rassa ma yana hannun ɗaya daga cikinsu.

Inna ta yafa mayafi ta ce su biyo ta. Muka tarar da Kawu yana zuba taki, masara ta yi baƙi ƙirin a daidai wurin, tokar ta karɓe ta. Dakta ta tsaya tana waige-waige, tana zaton ɓatan hanya muka yi. Da ta fahimta sai ta dafe kai.

Kawu ya saurari bayanin har ƙarshe. Ban ga kunya a fuskarsa ba. Cewa ya yi, "To ai da kun faɗa."

Dakta ta ce, "Alhaji, mun faɗa wa mai itacen."

"Mai gona fa?"

Ta juya ta dubi mutanenta. Wanda ya shafa fentin ya sunkuyar da kai yana cewa da ya sani da ƙyalle ya ɗaura. Ihu bayan hari.

Muka koma gida. Inna ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙullin tsumma. Kalwa ce ta ɗibar ƙarshe, ta ɓoye ba ta gaya wa kowa ba, har ni. Ta miƙa wa Dakta da hannu biyu.

"Ga 'ya'yanta. Ku shuka."

Dakta ta karɓa, ta ce za su shuka, amma ba za ta yi mata ƙarya ba. Jemagu ne ke kawo ƙurar fure daga wasu itatuwa, don haka kowace ƙwaya rabinta na wani uba ne da ba a sani ba. Wata za ta iya ɗauko halin uwar, wata ba za ta ɗauko ba, kuma ɗorawa ba ta nuna halinta sai ta girma ta fara 'ya'ya. Na dubi Inna, na dubi hannuwanta. Dukanmu mun san ba za ta ga wannan ranar ba.

Ina jin don ta rage mata zafi ne Dakta ta buɗe kwamfutarta a kan tabarma. Ta juyo da ita wajen Inna. Layuka ne ja da kore, jere bisa jere, ba iyaka.

"Mama, ba ta ɓace duka ba. Ga ta nan. Duk abin da ke cikinta mun karanta, mun adana. Wannan jan da kike gani, shi ne ɗakin da na gaya miki."

Inna ta matso ta ƙura ido, ta daɗe tana kallo.

"Ita ce wannan?"

"Ita ce, Mama."

"Ana iya dasa ta daga nan?"

Dakta ta ce, "A'a."

Inna ta gyaɗa kai. Ta sa tafin hannunta a bayan murfin kwamfutar, ta saukar da shi a hankali har ya haɗe.

Ta ce, "To a rufe ta, 'yar nan. Ba a barin gawa a buɗe."