Ajin da Na Bari

Jiya a kasuwar Gezawa ina cikin cinikin taki, sai na ji an ce, "Malam, ina wuni?"

Ashe Rabi ce, ɗalibata lokacin da nake koyar da kasuwanci a kwaleji, bayan na bar kamfanin wutar lantarki. Yanzu fitilun sola take sayarwa.

Ta ce, "Malam, ba ka kewar ofis da motar kamfani?"

Na ce, "Wallahi ko kaɗan. Surutunku na safiyar Litinin nake kewa."

Ta yi dariya. Ni kuwa har na isa gona ina tuna ajin nan. Gero dai ba ya yi mini tambaya.

Ku da kuka yi ritaya, me kuka fi kewa?