Ƙaryar Malam Garba

Idan kana neman mutumin da ba ya ƙarya a duk faɗin Challawa, Malam Garba za a nuna maka. Shekara goma sha tara yana kankare fata a wata majema da ke can ƙarshen layin masana'antu, ba a taɓa kama shi da ko ta wasa ba. Amma wallahi ban taɓa ganin wanda ya sha wuya a kan ƙarya guda ɗaya kamarsa ba.

Laifin Baba Haruna ne, maigadin wurin, tsohon soja mai cika baki. Yana da wani ƙamus da bangonsa ya daɗe da yagewa, kuma ya rantse ya karance shi kaf sau biyu. Shi ya kawo wasan. Bayan sallar azahar, kafin a buga ƙararrawar komawa aiki, mutum bakwai ko takwas sukan zauna a gindin darbejiya. Umar, mai kula da sito, ya buɗe ƙamus ya zaɓo kalmar da ta ɓace a bakin mutane. Shi ya rubuta ma'anar gaskiya a ƙyallen takarda, kowa kuma ya ƙirƙiro tasa ya rubuta. A zuba a hular Umar, ya cakuɗa, ya karanta ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ruɗu ya zaɓi ƙaryarka, zai jefa maka ƙwallon dabino a gwangwaninka.

Gwangwanin Garba kuwa, shekara biyu, ko ƙwallo ɗaya bai taɓa faɗawa ciki ba.

Kada ka ce kansa ne babu komai. Ina! Mutumin Ringim ne, ya tashi a gaban tsofaffi, magana a bakinsa kamar ya zuba mata man shanu. Matsalar ita ce bai yi boko ba, da ajami yake rubutu. Umar kuwa ajaminsa na lallaɓe ne. Da ya zaro takardar Garba sai ya karkata kai, ya matso da ita kusa da hanci, ya fara in'ina. Shi ke nan, kafin ya kai kalma ta uku an fashe da dariya.

"Ta Malam Garba ce! Wuce ta, wuce ta!"

Wata rana Umar ya ji tausayinsa ya ce, "Malam, ku riƙa raɗa mini a kunne mana, ni na rubuta muku."

Suka gwada sau ɗaya. Umar ya ɗauki maganar ya yi mata kwalliya irin ta 'yan makaranta, har mutum biyu suka zaɓe ta. Da aka bayyana mai ita sai Baba Haruna ya ce, "Kai, Umaru akwai kai!" Garba ya ji abin har cikin ransa. Ya juye ƙwallayen nan biyu a tafin Umar ya ce, "Riƙe kayanka, ba nawa ba ne. Ƙaryata ce, ni zan rubuta abata."

Ana cikin haka Baba Haruna ya ba da sanarwa cewa da babbar sallah zai ajiye aiki ya koma Gumel, kuma ƙamusunsa ƙafarsa ƙafarsa. Saura wata huɗu ke nan.

Ranar nan da yamma Garba ya sauka daga a-daidaita-sahu a Panshekara, ya tsaya a shago ya sayi littafin rubutu da fensir. Ya tarar da matarsa Badi'a tana tankaɗen gari a tsakar gida. Ita ta gama firamare kafin aurensu, kuma ba ta bari a manta da hakan.

"Karatu za ki koya mini," ya ce.

Ta ajiye rariya ta dube shi sama da ƙasa. "Ikon Allah! Shekara nawa ina cewa ku shiga yaƙi da jahilci kuna cewa aiki ya yi yawa? Me ya faru, manaja za a ba ku?"

Ya gaya mata gaskiya, don shi bai iya wani abu ba sai ita. Badi'a ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wato don ku yi ƙarya za ku yi ilimi. To, Malam, zauna. Amma nan fa ni ce malama, ba musu."

Aka fara, kullum tsakanin la'asar da magariba. Ranar farko ta rubuta masa sunansa ta ce ya kwafa. Ya sunkuya, ya danna fensir kamar mai kankare fatar bijimi, ya miƙo mata. Daga hannun dama ya faro, ya taho hagu, yadda ya saba tun yana riƙe allo. Ta gyara masa. Kashegari ya sake. Sati uku hannun nan yana komawa dama da kansa, sai da ta ɗaura masa zare ja a gefen hagu na littafin ta ce daga nan ake tashi. Fensir nawa ya karye, Allah kaɗai ya sani. Yatsun da suka saba da wuƙar jima ba su san lallami ba.

Akwai ranar da ya yi jifa da littafin ya ce shi ya haƙura, girma ya kama shi. Badi'a ta miƙe. Ta ɗauko gwangwanin nan nasa daga aljihun rigar aiki, ta girgiza shi a kunnensa. Shiru, babu abin da ya yi ƙara. Ya tashi ya ɗauko littafinsa.

A wurin aiki kuwa bai nuna wa kowa ba. Ya ci gaba da jefa ajaminsa a hula, ana dariya yana taya su. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, in ji mutane, amma shi Garba ba romo yake jira ba, ranar ƙarshe yake jira.

Ta zo, ranar Alhamis, kwana uku kafin sallah. Har waɗanda ba sa wasan sun taru don sallama da Baba Haruna. Umar ya buɗe ƙamus ya ce, "Kwarkwaro."

Garba ya san kalmar sarai, kakansa masaƙi ne. Ya juya baya, ya ɗora takarda a gwiwa. Hannun ya nufi dama, ya janyo shi. Ya rubuta a hankali, harafi bayan harafi, ya naɗe ya jefa.

Umar ya fara karantawa. Wani ya ce tsuntsu ne, wani ya ce ciwon wuya ne na jakuna. Aka karanta ta gaskiya, cewa ɗan kara ne da masaƙi ke naɗe zare a jikinsa, mutane suka taɓe baki. Sai ya zaro wata ya karanta tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu: "Ƙaramar ganga da ake kaɗa wa majema a zamanin da, ranar da suka fitar da fatar farko ta shekara."

Majema ne fa zaune, wa zai ƙi a ce kakanninsa suna da ganga? Baba Haruna ya buga sandarsa a ƙasa. "Ita ce! Na gan ta da idona a littafin nan, a shafin hagu, can ƙasa." Mutum biyar suka bi shi.

Umar ya faɗi ta gaskiyar, aka yi ta salati. Ya leƙa hula ya ga ta ƙare, ya ce, "Af, yau Malam Garba bai saka ba ne? To gangar nan ta wace ce?"

Garba ya ajiye gwangwaninsa a tsakiya. "Tawa ce."

"Haba Malam, wa ya rubuta muku?"

Bai amsa ba. Ya karɓi takardar da biron Umar, ya juya bayanta, ya rubuta sunansa a gabansu, daga hagu. Baba Haruna ya daɗe yana kallon rubutun. Sannan ya cire hularsa, ya jefa ƙwallon dabinonsa da kansa, ƙwal, a cikin gwangwani. "Ka ci ni, Garba. Kuma ka ci ni da hannunka." Sauran biyar suka biyo baya. Daɗi ya kama Garba har ya rasa inda zai sa idonsa.

Da ya koma gida ya girgiza wa Badi'a gwangwani tun daga zaure, sannan ya miƙa mata takardar. Ta goge hannu a zani, ta karanta a hankali, ta sake karantawa. Sai ta ɗago kai.

"Malam, wai da gaske kuna da ganga? Shekara kusan ashirin ina auren majemi, ba ku taɓa gaya mini ba."

Garba ya zauna a kan turmi ya yi ta dariya har hawaye suka zubo masa, kuma ba duka ne na dariya ba.